Masu Haƙar Tama: Yadda Magabatanmu Suka Nemi Maganar Allah

Karatu: Ayyukan Manzanni 17:10-12, Yaƙub 1:22-25

In ka taɓa bin hanyar da ta tashi daga Kano ta haye gadar Wudil ta nufi Gaya, to, ka ratsa ƙasar da labarinta ya girmi na birnin da ka baro. Masu ba da tarihin kafuwar Kano suna cewa tun kafin zuwan Bagauda waɗansu maƙera suka fito daga Gaya neman tama, suka yi ta nausawa yamma har suka same ta a gindin Dutsen Dala, suka zauna nan. Zuriyarsu ake kira Abagayawa, har ana cewa sunan shugabansu, Kano, shi ne ya bi garin. Duk ɗan Gaya da ɗan Ajingi yana da rabo cikin wannan labari, gama daga ƙasarsu masu neman suka tashi.

Maƙeri ya san abin da yawancinmu muka manta. Tama tana kwance cikin ƙasa, kowa yana taka ta, amma ba ta taɓa nome wa kowa gona ba. Sai an haƙo ta, an tara gawayi, an zuga wuta har ta narke ta rabu da dattinta, sa'an nan a kama ƙarfen da awartaki a ɗora bisa uwar maƙera a yi ta dukansa da masaba, kafin a sami garma ko lauje. Arzikin yana nan tun can, amma hannun da ya sha wahala shi yake cin moriyarsa.

Haka Littafi Mai Tsarki yake a gidajenmu. Yau kusan kowane gidan masu bi yana da shi, wani a naɗe cikin ƙyalle, wani a cikin wayar hannu. Da asuba mukan buɗe, mu bi ayoyi biyar ko goma da ido, mu rufe, mu ɗauki fartanya. Kafin rana ta take, in aka tambaye mu abin da muka karanta, sai mu yi shiru. Ba rashin bangaskiya ya jawo wannan ba. Sabo ne ya mai da karatun kamar gaisuwar kan hanya, wadda ake yi ba a tsaya ba. A ƙauyukan gabashin Kano, inda masu bi ba su da yawa, inda mai bishara guda yakan zagaya majami'u biyu ko uku, wannan sabo yana da haɗari, domin wanda ya dogara ga wa'azin Lahadi kaɗai kwana shida yake yi da yunwa. Saboda haka ina so mu waiwaya mu ga yadda Littafin ya iso harshenmu, da irin karatun da mutanen farko suka yi masa. Za ka ga babu ko ɗaya cikinsu da ya karanta shi a kishingiɗe.

Malamin da ya tsaya a kan suna guda

Tun kafin wata aya ta Linjila ta shigo ƙasar Kano da Hausa, ƙasar cike take da masu karatu. Kai ma ka san tsangaya, domin har yau tana nan a garuruwanmu. Yaro yakan rubuta darasinsa a allo da tawada, malam ya biya masa, ya koma gefe ya yi ta maimaitawa da murya har ya zauna masa a ka, sa'an nan a ba shi izni ya wanke ya rubuta na gaba. Da dare a kewaye wuta ana tishi, da asuba a sake tashi. Duk abin da za a ce, maƙwabtanmu Musulmi sun rigaya sun koya wa ƙasar nan cewa littafin da aka ɗauka na Allah ne ba a yi masa karatun ganin dama.

Cikin masu irin wannan horo, a tsakiyar ƙarni na 19, aka yi wani malami a Kano mai suna Malam Ibrahim. Bai ga mishan ba, bai shiga majami'a ba. Yana cikin nazarin Alƙur'ani ne hankalinsa ya tsaya a kan wuraren da aka ambaci Isa ɗan Maryamu. Dubban almajirai sun bi ta kan waɗannan wurare suka wuce, shi kuwa ya ƙi wucewa. Ya yi ta komawa yana tambayar kansa ko wane ne wannan da aka faɗi irin haihuwarsa da irin ayyukansa, kuma mene ne ya wajaba a kan wanda ya san haka. Ya fara koya wa almajiransa su ɗaukaka Isa, su sa ido ga komowarsa. Mutane suka taru gare shi, aka sa musu suna Isawa, waɗansu kuma suna ce da su Bani Isra'ila.

Ya kamata mu faɗi gaskiya a nan: Isawa ba su kira kansu Kirista ba. A ganinsu su Musulmi ne masu riƙon gaskiya, ba su kuwa da Linjila a hannu. Amma koyarwarsu ta tayar da hankalin hukuma. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi ɗan Dabo, wajajen 1867, aka kira Malam Ibrahim aka nemi ya janye maganarsa. Ya ƙi, aka kashe shi a kasuwar birni. Almajiransa suka watse, da yawa suka nufi kudu maso gabas, wajen duwatsun Ningi, inda tun wajajen 1846 waɗansu malamai ƙarƙashin Malam Hamza na Tsakuwa suka kafa zama nesa da ikon Kano. Waɗansu kuma suka ɓuya cikin ƙauyukan kan iyakar Kano da Zazzau da Bauchi, suna koya wa 'ya'yansu abin da suka ji, suna jiran ranar da za a kawo musu cikakken labarin wanda suke ɗaukakawa.

Ban kawo wannan labari domin in tsokano tsohon miki tsakaninmu da maƙwabta ba. Waɗanda suka yanke hukuncin sun daɗe da tafiya gaban Mai shari'a, mu kuwa an umarce mu mu ƙaunaci na kusa da mu. Na kawo shi domin ya tuhume mu. Mutumin nan ɗan haske kaɗan ya gani, ya bi shi har bakin ransa. Kai kana da Matiyu da Markus da Luka da Yahaya a ɗaki guda, yaushe rabonka da wata aya ta hana ka barci? Farkon karatu mai rai shi ne mutum ya yarda aya ta tsai da shi, ya ƙi yin gaba sai ya tambaye ta. Abin da aka yabi mutanen Biriya da shi ke nan: ba su haɗiye wa'azin Bulus ba tare da taunawa ba, kullum sai sun koma ga Nassi sun gwada abin da suka ji. Manzo ne ya yi musu wa'azi, duk da haka Luka bai kira binciken nasu rashin ladabi ba, daraja ya kira shi.

Yaron Damagaram da dattijon Jamus

A daidai shekarun da Malam Ibrahim yake fama da tambayarsa a Kano, can Ingila waɗansu mutum biyu suna zaune suna fama da amsarta, ba wanda ya san da wani. Na farkon shi ne James Frederick Schön, Bajamushe mai aiki da ƙungiyar mishan ta CMS. A Saliyo ya fara jin Hausa, a bakin bayin da aka 'yanta. A 1841 ya shiga tafiyar da Turawan Ingila suka yi ta kogin Kwara tare da Samuel Ajayi Crowther, zazzaɓi ya kashe mutane da yawa cikin tafiyar, shi ma lafiyarsa ta raunana. A 1843 ya buga ɗan littafin kalmomin Hausa. Har ya mutu a 1889 ƙafarsa ba ta taka ƙasar Hausa ba, amma ya ba harshen nan sauran kwanakinsa.

Na biyun yaro ne, Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram, wanda aka kama yana ƙarami aka sayar a Barno. A Kukawa wani matafiyi Bajamushe, Adolf Overweg, ya 'yanta shi. Da Overweg ya rasu a 1852, Dorugu da abokinsa Abbega suka bi Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim, har Tambutu, daga bisani ya tafi da su Ingila a 1855. Can Dorugu ya zauna wurin Schön. Dattijon yana da ilimin Nassi amma Hausarsa tsintacciya ce, yaron kuwa Hausa ce nonon da ya sha. A 1857 aka buga Bisharar Matiyu da ta Yahaya da Ayyukan Manzanni da Hausa, Farawa da Fitowa suka biyo baya, Sabon Alkawari ya cika a 1880. Dorugu ya komo gida, a ƙarshen rayuwarsa ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, ya rasu a 1912.

Ka tsaya ka yi tunanin irin karatun da mai fassara yake yi. Kai kana iya tsallake kalmar da ba ka gane ba, shi ba shi da wannan dama. Dole ya tsaya a kanta har ya san abin da take nufi, sa'an nan ya nemo yadda Bahaushe zai faɗe ta a kasuwa ko a zaure. In ya ce ya gane amma ya kasa faɗa, bai gane ba tukuna. Fassarar Schön ba ta fita sumul ba, waɗanda suka zo bayansa sun tarar sai an sake aikin, amma ita ce ta fasa ƙasa.

Wannan aiki bai ƙare a kan masu fassara ba, naka ne kai ma. Sa'ad da ka karanta sashe, rufe Littafin, ka faɗe shi da bakinka kamar kana ba tsohuwarka labari, da irin Hausar da kuke yi a tsakar gida. Inda harshenka ya sarƙe, nan ne fahimtarka ta tsaya, nan kuma ya kamata ka koma. Mutum yakan yi shekara 20 yana furta kalmomi irin su alheri da fansa da barata a cikin sujada, ranar da ɗansa ya tambaye shi ma'anarsu sai ya rasa ta cewa. Gara ka gano wannan giɓi kai kaɗai gaban Allah, ka cike shi, da ka gano shi ranar da wani mai nema ya zo ƙofarka.

Masu tafiya neman bayani

Hanyar da Littafin ya bi zuwa ƙasar Kano ba ta kasance mai sauƙi ba. A 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Ikko da nufin shiga ƙasar Sudan, su ne mafarin mishan ta SIM. Cikin shekara guda biyu suka mutu, Kent a Bida, Gowans a Girku. A 1900 Bishop Herbert Tugwell na CMS ya jagoranci ayari har cikin birnin Kano, Sarki Alu ya ƙi su zauna, suka juya zuwa Girku, inda ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya rasu. Cikin wannan ayari akwai wani saurayin likita, Walter Miller, wanda ya fara koyon Hausa a Tarabulus wurin alhazai da fatake. Shi ne ya dawo ya zauna cikin birnin Zariya, yana magani, yana koyar da yara, yana fassara. Shekaru suka shuɗe, waɗanda suka ba da gaskiya ba su wuce a ƙirga da yatsu ba.

Sai a 1913 waɗansu baƙi suka zo wurin Likita Mila. Zuriyar Isawa ne. Fiye da shekara 40 ke nan da kashe malaminsu, waɗanda suka gan shi da ido sun tsufa ko sun mutu, amma tambayar ba ta mutu ba, ta bi 'ya'ya da jikoki. Sun ji labarin akwai mai littafin Isa a Zariya, suka taso takanas. Ba a aika musu ba, ba a yi musu alkawarin kome ba, su ne suka nemo. Aka karanta musu Linjila da harshensu, waɗansu suka ce wannan ne abin da iyayensu suka jira. Waɗansu kuma suka ji suka tsaya kan tafarkinsu na dā, gama ba dukan Isawa ne suka shiga ikkilisiya ba.

Wannan ya yi kama da labarin ma'ajin sarauniyar Habasha a sura 8 ta Ayyukan Manzanni. Babban mutum ne, mai karatu, yana cikin karusarsa da littafin Ishaya a buɗe. Da Filibus ya tambaye shi ko yana fahimta, bai ji kunyar amsa cewa yana bukatar mai yi masa jagora ba, har ya matsa masa wuri ya zauna. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Karatun kaɗaici yana da kyau, amma ba a ce ya ƙare a kaɗaici ba. Tambayar da ta fi ƙarfinka ka riƙe ta, ka kai wa fasto ko dattijo ko wata uwa cikin Zumuntar Mata wadda ta daɗe tana tafiya da Ubangiji. In mutane sun yi tafiyar kwanaki a ƙafa saboda tambaya guda, ba zai gagare ka ka tsaya bayan sujada ka ce, “Baba, wannan wuri ya shige mini duhu” ba.

Waɗanda suka karɓi bishara cikin Isawa suka taru suka kafa ƙauye a Gimi, cikin ƙasar Zazzau, domin su yi noma tare, su yi sujada tare, 'ya'yansu su koyi karatu. Abin ya fara da murna, amma wurin yana da ƙudan tsando. Cikin 'yan shekaru ciwon barci ya shiga ƙauyen ya kashe mutane da yawa, har aka bar wurin. Duba irin gwajin: mutanen da suka jira shekara 40, suka samu, sa'an nan suka shiga haƙa kaburburan 'ya'yansu. Da a ce karatunsu na leɓe ne, da nan ya ƙare. Amma ragowar suka riƙe. A 1929 aka mai da mishan daga cikin birnin Zariya zuwa Wusasa, aka gina majami'ar Bartalamawas Mai Tsarki da ƙasa bisa tsarin ginin Hausa, ga makaranta, ga asibiti. Cikin jama'ar da Likita Mila da abokan aikinsa suka rena aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975.

A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, daga Farawa har Wahayi, Likita Mila ne kan gaba a aikin, tare da ma'aikatan sauran mishan da Hausawan da suka zauna da su suna gyara musu harshe. Daga bisharar farko ta 1857 zuwa wannan rana shekara 75 ke nan. Gwamnatin mulkin mallaka ta daɗe tana hana mishan aiki cikin masarautun Arewa, sai cikin shekarun 1930 ƙofa ta ɗan buɗe a ƙasar Kano, musamman ta wajen jinyar kutare a Yadakunya, daga baya aka buɗe asibitin ido na Kano da makarantar Littafi Mai Tsarki a Tofa. Duk inda aka kafa 'yar majami'a a ƙauye, sai ka ga ajin koyon karatu a gefenta, domin manufar ita ce kowane mai bi ya iya buɗe Littafin da kansa. Manya masu furfura suka zauna bisa tabarma suna haɗa baƙi da wasali, ba don neman aikin gwamnati ba, sai don su karanta Yahaya sura 3 da idonsu. Wajajen 1980 aka fito da sabuwar fassara mai sauƙin Hausa, wadda yawancinmu muke riƙe da ita yau.

To, kai fa?

Ga shi Littafin ya iso hannunka, ka kuwa ji abin da aka biya. Kada ya zama rijiya ta ba da ruwa guga ya hana. Bari in nuna maka yadda za ka bi sawun mutanen nan gobe da asuba, da sashe guda.

A ce ka buɗe Matiyu 5:23-24, inda Ubangiji ya koyar cewa wanda ya kawo baiko ya tuna ɗan'uwansa yana riƙe da shi a zuci, ya fara zuwa su shirya kafin ya miƙa baikon. Ayoyi biyu ne kawai, sun kuwa isa aikin yini. Kada ka ƙara a kansu don ka cika lissafi. Fara da roƙon Ruhu Mai Tsarki ya buɗe maka, gama shi ne wutar maƙerar, in babu shi duk dukan da za ka yi sanyin ƙarfe kake duka. Sa'an nan ka karanta da murya, sau biyu ko uku, yadda kunnenka zai ji abin da idonka ya tsallake.

Yanzu yi irin ta Malam Ibrahim, ka tsaya ka tambaya. Wa yake magana, da wa kuma yake yi? Me ya zo kafin wannan, me ya biyo baya? In ka duba sama kaɗan za ka tarar ana maganar fushi da zagi, ashe ayoyin ba su faɗo daga sama su kaɗai ba. Sai ka lura da wani abu: ba a ce in kai kake riƙe da wani ba, cewa aka yi in shi yake riƙe da kai. Me ya sa aka ɗora tafiyar a kan wanda ya zo sujada? Me ya sa ba a ce ya gama baikon tukuna ba? Rubuta tambayoyin cikin ɗan littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ka sa kwanan wata. Bayan shekara guda wannan ɗan littafi zai zama tarihin tafiyarka da Allah.

Sai ka yi irin ta Dorugu, ka rufe Littafin ka mai da maganar da bakinka. Wataƙila ka ce: Allah ba ya sha'awar buhun geron da na kawo ranar godiyar kaka muddin ƙanena yana kwana da ciwon abin da na yi masa a kan iyakar gona. Da zarar ka faɗe ta haka, ka ga ta daina zama maganar mutanen Galili, ta shigo gidanku. Daga nan ka ɗauki aya guda ka haddace. Rubuta ta a takarda ka sa a aljihu, ka yi ta tishinta a hanyar gona, ko kina tuƙa tuwo, ko kana jiran mota a tasha. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da ciwo ya kwantar da kai, ko ido ya dushe, ko aka tsare ka da tambaya a inda babu Littafi kusa, abin da ka ajiye a zuci shi kaɗai zai amsa kira.

Saura abu na ƙarshe, wanda ya fi duka wuya. Yaƙub ya kwatanta mai ji ba ya aikatawa da wanda ya duba fuskarsa a madubi, ya juya baya ya manta kamanninsa. Kafin ka tashi daga tabarma, ka yanke abu guda da za ka yi yau saboda abin da ka karanta, ƙarami, mai suna, mai lokaci. A misalin nan ba wani abu ba ne illa ka sa takalmi bayan la'asar ka nufi gidan ƙanenka. Mai yiwuwa ya karɓe ka, mai yiwuwa ya ƙi. Amma daga ran nan ayoyin nan biyu sun zama garma a hannunka, ba za ka ƙara karanta su kamar dā ba.

In kuwa ba ka iya karatu ba, wani ne yake karanta maka wannan, kada ka ce ba da kai ake ba. Yawancin waɗanda suka fara jin wasiƙun Bulus da kunne suka ji su. Sa jikanka ya karanta maka, ko ka saurara a waya ko rediyo, ka ce a maimaita, ka yi tambaya, ka haddace, ka aikata. Ta haka ma ka ribanya, domin yaron da yake karanta wa kakarsa kowace safiya shi ma ana shuka masa. Isawa sun riƙe tambaya guda tsara uku ba tare da littafi ba. Abin kunya ne a ce mu da muke da littattafai 66 mun kasa miƙa wa 'ya'yanmu ko da ƙishin buɗe su.

Za a yi ranakun da za ka buɗe ka ji kamar dutse kake tauna. Kada ka karai, kada kuma ka ɗauka Allah ya yi nisa. Likita Mila ya yi shekaru a Zariya kamar mai shuka a kan fako, bai san akwai masu jira a ƙauyuka ba. Maƙeran Gaya ma ba a ramin farko suka tarar da tama ba. Ka komo gobe, ka sake komowa jibi. Wanda ya sa aka kawo maka Maganarsa ta hannun bawa da baƙo da marasa lafiya, ba zai bar mai nemansa da gaske ya koma hannu wofi ba.

Addu'a: Ya Uba na Sama, mun gode maka saboda waɗanda suka nemi Maganarka cikin duhu, da waɗanda suka sha wahala har ta iso harshenmu. Ka gafarta mana karatun da muka yi da ido, zuciya tana wani wuri. Ka ba mu ƙishin masu nema, da tawali'un masu tambaya, da ƙarfin halin masu aikatawa. Ka sa Maganarka ta zauna cikin gidajenmu a Gaya da Ajingi da dukan ƙasar nan, ta zama albarka gare mu da maƙwabtanmu. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.